Ra'ayinmu: In Aiki Ya Kira Ka Ƙaramin Gari

A makonnin da suka shige wani ɗan'uwanmu, tsohon ɗan wannan ƙungiya wanda ya karanta aikin akanta ya kuma gama hidimar ƙasa, ya kawo mana ziyara ofis riƙe da wata takarda, ransa a jagule. Takardar ta ɗaukar aiki ce, daga wani kamfanin ɗinki da ke wani ƙaramin gari, tafiyar yini guda daga garinsu, inda ake ɗinka kayan 'yan makaranta da na ma'aikatan asibiti da riguna na kai wa kasuwa. Abin da ya dame shi kuwa shi ne tun da ya nuna wa abokansa takardar suka hana shi sakat. Wani ya ce ashe shekara huɗu ya yi a jami'a domin ya koma yaron tela. Wani ya ce duk wanda ya bar birni ya fita daga layin samun aikin gwamnati. Mahaifiyarsa kuma, wadda ba ruwanta da zancen digiri, tsoronta nisa ne da baƙunta. Ya tambaye mu, ya tafi ko ya zauna?

Mun ga ya dace mu amsa masa a wannan shafi, domin tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai. Da yawa daga cikinmu za su riƙe irin wannan takarda nan gaba kaɗan. Ra'ayinmu dai shi ne ya tafi, amma ya tafi da idonsa a buɗe.

Bari mu fara da ba'ar da abokansa suka yi masa, gama ita ce ta fi ciwo, ita ce kuma ta fi rashin tushe. Tun zamanin Turawa aka sa wa ɗan boko a rai cewa ladan karatu shi ne tebur da kujera da masinja a bakin ƙofa. Da aka sami arzikin man fetur, aka kuma yi ƙarin albashin Udoji a 1974, sai wannan tunani ya daɗa kafuwa, har ya zamana aikin da ba na gwamnati ba, ko wanda ba a babban birni yake ba, ana ganinsa kamar na wucin gadi ne kafin aikin gaske ya zo. A wancan lokaci jami'o'in ƙasar nan ana iya ƙirga su da yatsu, ma'aikatu kuwa suna neman wanda za su ɗauka. Yau jami'o'i sun wuce ɗari biyu, kujerun gwamnati kuwa ba su ƙaru da wannan gwargwado ba, ba kuma za su ƙaru ba. Wanda ya zauna gidan yayansa a birni yana jiran a kira shi, yana iya shekara uku yana zagaya ofisoshi da fayil a hammata, abin da ya karanta yana zubewa, takalminsa yana ƙarewa. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Sa'an nan kuma, wanda ya raina sana'ar tufafi bai san tarihin ƙasarsa ba. Sa'ad da Bature matafiyi Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne saƙa da rini, har ya rubuta cewa tufafin Kano suna kai wa Tumbuktu da Tarabulus. Ba kuwa a cikin ganuwar birni kaɗai ake wannan aiki ba. Kura ƙaramin gari ce, amma turkuɗinta shi Abzinawa suke naɗawa a cikin Sahara. Masaƙa da marina da mabuga da maɗinka da fatake, su suka gina sunan da muke tinƙaho da shi, kuma da dama daga cikinsu sun bar garuruwan haihuwarsu ne suka bi sana'ar inda take. Haka kuma da Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello da wani kamfanin Ingila, samari daga lardi-lardi suka ɗaure kayansu suka nufi Kakuri. Wasu masaƙu suka biyo baya a Kaduna da Kano, har da Gusau da Funtua, inda ake noman auduga ana gurzarta. Zuwa farkon shekarun 1980 masaƙun Nijeriya sun wuce ɗari, babu kuwa wani sashen masana'antu da ya kai su ɗaukar ma'aikata. Ashe ke nan ƙaura domin aikin tufafi ba baƙon abu ba ne a gare mu, gadonmu ne.

Amma ba za mu rufe gaskiya ba, tsoron da ake ji yana da dalili. Wannan babban gini ya rushe a gaban idon iyayenmu. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna da sinadaran rini suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, man da ake hura tukunyar masaƙa da shi ya yi wuya. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi daga waje, 'yan fasa-ƙwauri kuma suka cika kasuwa da atamfa mai araha da gwanjo. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna neman haƙƙinsu. UNTL, wadda ta fi kowace girma, ta dakatar da aiki a Kaduna a 2007. Wanda ya taɓa ganin magidanci mai 'ya'ya shida ya wayi gari ba aiki ba sallama, ba za a zarge shi ba in ya ja wa ɗansa kunne game da kamfani. In manyan masaƙu masu goyon bayan gwamnati sun faɗi, ina ga ƙaramin kamfanin ɗinki a ƙaramin gari? Ga shi kuma wanda aiki ya ƙare masa a birni yana iya ƙwanƙwasa wata ƙofa, amma a garin da kamfani ɗaya ne tak, in ya rufe sai ɗaure kaya.

To, duk da haka me ya sa muka ce ya tafi? Dalili na farko shi ne abin da zai koya. Sabon akawu a babbar ma'aikata yakan shekara biyar bai san abin da ake yi a ofishin da ke maƙwabtaka da nasa ba. A ƙaramin kamfani kuwa, kafin shekara ta zagayo ɗan'uwan namu zai san nawa ake sayen bandir na yadi a Kantin Kwari, riga nawa ke fita daga cikinsa, nawa ke tafiya a ƙyalle, nawa janareta ke sha a yini, yadda ake neman kwangila da yadda ake bin bashi. Wannan ilmi ba a ba da shi a ɗakin lacca, kuma shi ne jarin da ba ya ƙonewa ko da kamfanin ya rufe.

Akwai misali da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. A 1979 wani tsohon babban ma'aikacin gwamnati a Bangaladash, Noorul Quader, ya tura matasa 130 zuwa Koriya ta Kudu su koyi ɗinkin masana'anta a kamfanin Daewoo, domin su dawo su yi aiki a kamfaninsa mai suna Desh. Cikin 'yan shekaru 115 daga cikinsu suka fita, suka kafa nasu kamfanonin ko suka shugabanci na wasu. Daga wannan ƙaramin iri aka sami masana'antar da ta zo ta riƙa kawo wa ƙasar fiye da kashi 80 cikin ɗari na kuɗin kayan da take sayarwa waje, ta kuma ɗauki miliyoyin ma'aikata, akasarinsu mata. Ba mu ce komi nasu abin koyi ba ne: a 2013 ginin Rana Plaza ya rufta da maɗinka, mutum fiye da 1,100 suka rasu, saboda haɗama da sakaci. Amma darasin yana nan, watau masu ilmi ne suka yarda suka tsaya kusa da keken ɗinki, shi ya sa ƙasarsu ta ci moriyar sana'ar.

Dalili na biyu shi ne lissafi, wanda ɗan'uwan namu ya fi mu sani. Albashi ba a auna shi da yawan sifirin da ke jikin takarda, sai da abin da ya rage a aljihu ranar 25 ga wata. Kuɗin hayar ɗaki ɗaya a Abuja ko Kano yana iya kama gida sukutum a ƙaramin gari. Wurin aiki tafiyar ƙafa ce ko ta keke, hatsi da nama da itace a bakin gona ake sayensu. Sau da yawa ƙaramin albashi a can ya fi babba a nan albarka.

Sai dai mun ce ya tafi da ido a buɗe, ga kuwa abin da muke nufi. Kada ya ɗaure kaya sai ya je da ƙafarsa ya ga wurin a ranar aiki. Ya ƙirga kekunan da ke motsi da waɗanda ƙura ta rufe. Ya keɓe da teloli da masu guga ya tambaye su ko ana biyan albashi a kan kari, gama su ne za su gaya masa abin da manaja ba zai faɗa ba. Ya bincika su wa ke sayen kayan: kamfanin da ya dogara ga kwangilar gwamnati guda ɗaya, ransa yana hannun wanda zai sa hannu a takardar biya, amma mai abokan ciniki da yawa ya fi wuyar faɗuwa. Ya duba ƙofofin fita da abin kashe gobara, domin yadi da wuta ba sa ga-maciji.

Sa'an nan komi ya zama a rubuce. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta a ba mai aikin hannu da akawu takardar da ta bayyana irin aikinsa da albashinsa da lokutan aiki da hutu da wa'adin sallama, kafin ya cika wata uku da kama aiki. In doka ta tanadar wa tela haka, bai kamata mai digiri ya yarda da alkawarin baka ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfanin da ke da ma'aikata 15 ko fiye zai zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci ya zuba kashi 8, a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin. Ya tambaya ko ana zubawa. Ya tuna kuma a 2024 an tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000, domin ya san ma'aunin da zai gwada tayin da aka yi masa, da abin da ake biyan waɗanda zai riƙa rubuta wa albashi. Batun masauki da kuɗin ɗaukar kaya shi ma a gama shi tun kafin tashi. In da iyali, ya fara yin gaba shi kaɗai na 'yan watanni, ya ga makaranta da asibiti da ruwan sha, sa'an nan ya ɗauko su. 'Yan'uwanmu mata da irin wannan dama za ta samu, sharuɗɗan nan duka sun hau kansu, da ƙarin tabbatar da amintaccen masauki da fahimtar iyaye ko maigida. Rigakafi ya fi magani.

In ya isa, ya ajiye digirinsa a akwati ya ɗauki ladabi. Ya je ya gai da mai unguwa da liman da dattawan gari. Ya sani tsohon telan da ya shekara 30 yana yanka yadi malaminsa ne, ko da bai iya rubuta sunansa da boko ba. Baƙon da ya zo yana hura hanci, yana ƙorafin babu kaza babu kaza, kullum Juma'a yana tasha zai gudu birni, ba zai koyi komi ba, ba kuma za a yi kewarsa ba. Mahaifiyarsa kuwa a lallashe ta da hujja da yawan aike da ziyara, kada a tafi sai da albarkarta.

Muna da magana kuma ga 'yan'uwanmu matasan ma'aikatan gwamnati. Da yawanku da zarar an tura ku ƙaramar hukuma sai ku shiga neman wanda zai yi muku hanya a mai da ku hedikwata, alhali mutanen can da harajinsu aka karantar da ku. Kuma a teburinku ne takardun kwangilar kayan 'yan makaranta da na asibiti da na masu ɗamara suke bi. Duk sa'ad da aka ba ɗan kwangilar da zai shigo da su daga waje, ko aka riƙe kuɗin kamfanin gida wata da watanni sai an ga abin goro, to, an kashe aikin wani abokin karatunku ne. Gwamnati ta ware naira biliyan 100 a 2010 domin farfaɗo da auduga da saƙa da ɗinki, Babban Banki kuma ya hana masu shigo da yadi kuɗin waje a 2019, amma rance da doka ba sa raya kamfanin da ba shi da wuta, ba shi da mai saye, ba a kuma biyansa a kan lokaci. Hukumar jami'a ita ma muna roƙonta ta riƙa tura ɗalibai koyon aiki irin waɗannan ƙananan kamfanoni, ba bankuna da ma'aikatu kaɗai ba.

Ga ɗan'uwanmu mai takarda, amsarmu ke nan. Je ka ka gani da idonka, ka yi tambaya, ka karɓi komi a rubuce, ka nemi albarkar iyaye. In wurin ya ci jarrabawa, ɗaure kayanka ka tafi, ka ba shi shekara biyu ko uku na aiki tsakani da Allah. In bai ci ba, ka ƙi shi saboda wannan dalili, ba don garin ƙarami ne ko don abokai sun yi dariya ba. Masu dariyar ba su za su biya maka kuɗin haya ba. Allah ya yi mana jagora, ya sa albarka a abin da muka karanta, amin.