RAV4 ko CR-V: Kafin a aika mota Tibiri, a fara jin ta bakin bakanike

Ɗan ƙasar Arewa, wato yankin Dogondutsi da Tibiri a jihar Dosso, idan ya shekara goma yana neman kuɗi a Abijan, Legas, Faransa ko Amurka, abu biyu ne kan tsaya masa a rai: ya gina gida, ya aika wa iyali mota. Maganar mota kuwa, ga mai matsakaicin ƙarfi, takan tsaya ne a kan ƙananan jif guda biyu na hannu, Toyota RAV4 ta 2006 zuwa 2012 da Honda CR-V ta 2007 zuwa 2011. Sai a ga ƙanne a Yamai da yayye a waje sun kwana suna musu a WhatsApp, kowa na turo hoton takardar bayanin mota.

Takardar nan ba za ta raba gardama ba. A samfurin kasuwar Amurka, injin RAV4 mai lita 2.4 ƙarfin doki 166 gare shi, na CR-V ma 166. Da Toyota ta koma lita 2.5 a 2009 ta kai 179, Honda ta bi ta da 180 a 2010. Tsayinsu daga ƙasa kusan ɗaya ne. CR-V na da giya biyar, RAV4 mai silinda huɗu na da huɗu, kuma a kan kwaltar Yamai zuwa Dosso CR-V ta fi daɗin tuƙi. Wanda duk ya ce a zaɓa da waɗannan lambobi, jefa kwabo kawai yake yi.

Motar da aka ajiye a Tibiri kuwa ba ta zuwa ofis ba ce. Ita ce za ta ɗauki mai naƙuda da tsakar dare zuwa asibitin Dogondutsi, ko babban asibitin Dosso idan abin ya yi tsanani. Ita za ta kai tsoho ta'aziyya Dumega ko Gesheme, ta ratsa rairayin Dallol Mauri da rani, ta shiga laka tsakanin Yuni da Satumba, ta dawo da buhunan hatsi a baya. Ranar da ta tsaya, abin tambaya shi ne wa zai buɗe ta, kuma kwana nawa za a yi kafin kayan gyara su iso.

A nan RAV4 ta sha gaba. Nijar ƙasar Toyota ce, tun daga Hilux da Land Cruiser na ma'aikatu har Hiace na tasha, kuma hannun bakanike ya saba da ita tun yana yaron gareji. Injinan RAV4 irin na Camry ne, don haka ba a shan wahalar neman kayansu. Masu son Honda na da amsa mai ma'ana: injin K24 na CR-V dangin na Accord ne, Accord kuwa ta cika Najeriya, ga Birnin Kebbi da Sakkwato kusa, ga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Gaskiya ne. Sai dai iyakar nan ta zauna a rufe daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Motar da lafiyarta ke tsallaken iyaka, siyasa na iya ajiye ta a gindin bedi wata bakwai.

CR-V kuma tana da tsirfa wajen mai. Giyarta man Honda take so, haka ma akwatin ƙafar baya na masu ja da ƙafa huɗu, shi ma da nasa man na musamman. Idan aka zuba mata wanda aka samu a teburin bakin hanya, sai a fara jin gurnani a kwana. A Yamai ana iya neman man a samu. A ƙauye kuwa abin da ke cikin galan shi ake zubawa.

Amma kada sunan Toyota ya rufe wa mai saye ido, domin nan ne kuɗin mutane ke nutsewa. RAV4 ta 2006 zuwa 2008 mai injin 2AZ-FE ta yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai, saboda matsalar fiston da ringi. Kamfanin da kansa ya amince, ya tsawaita garanti zuwa shekara 10 ko mil 150,000 ga motar da ke shanye kusan lita ɗaya a kilomita 1,900. Wa'adin ya wuce tuni, kuma irin waɗannan motoci ne ake lodawa a jirgin ruwa zuwa Lome da Kwatano da farashi mai jan hankali. A hannun direban da ba ya duba sandar mai kowace safiya, cikin zafin Afrilu, injin zai buga ba da jimawa ba. CR-V mai lafiya ta fi irin wannan RAV4 nesa ba kusa ba.

Gane ta ba wuya. Lambar jikin mota, VIN, haruffa da lambobi 17 ce, kuma a motocin Amurka na goma shi ke nuna shekara: 6, 7 ko 8 na nufin 2006 zuwa 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012. Dillali na iya canza fitilu ya ce sabon yayi ce, ba zai iya canza wannan cikin sauƙi ba. Da lambar kuma ana iya shiga shafin hukumar NHTSA ta Amurka kyauta a ga ko akwai kiranyen da ba a gyara ba. CR-V ta waɗannan shekaru na cikin masu jakar iskar Takata, wadda zafi da laima ke lalatawa har ta fashe da ɓaraguzan ƙarfe. RAV4 ma an yi mata kiranye a 2012 kan sandar ƙafar baya.

Na Faransa da Beljiyam su ma da tarkonsu. Yawancin RAV4 na Turai masu gazuwal ne, injin 2.2, wasu da matatar hayaƙi a salansa wadda aka ƙera don man Turai. Idan ta toshe, gyaran na mai kwamfuta ne, ba na garejin bakin kasuwa ba. Mai son alheri ga gida ya nemi mai fetur. Ita kuma V6 mai doki 269, da samari ke yabo a TikTok, ta dace da mai biyan kuɗin mai da aljihunsa. An rage litar fetur daga sefa 540 zuwa 499 a Yulin 2024, amma layukan da aka yi a gidajen mai a Maris na 2025 sun nuna cewa matatar SORAZ ta Damagaram ba ta wadatar da ƙasa ita kaɗai, ga shi man bumburutu na Najeriya ya daina araha tun da aka cire tallafi a Mayun 2023.

Akwai kuma abin da kan ba mutane mamaki bayan mota ta iso: ba kowace jif ce kat-kat ba. Da yawa daga cikin RAV4 da CR-V na Amurka ƙafar gaba kaɗai ke ja. A leƙa ƙarƙashi, a ga ko akwai sandar da ta tafi ƙafar baya. RAV4 mai ƙafa huɗu na da maɓallin kulle da ke aiki ƙasa da kilomita 40 a awa, abin da ake bukata daidai lokacin da taya ta fara haƙa rairayi, kuma safayarta na rataye a ƙofar baya, ba sai an sauke kaya ba. Ta CR-V 'yar ƙarama ce ta wucin gadi, a ƙarƙashin kaya.

Saboda haka, ga gidan da ke Tibiri, RAV4 ta 2009 zuwa 2012 mai fetur, lita 2.5, ƙafa huɗu, ita ce zaɓi, ko da farashinta ya ɗara. Ga ƙanin da ke zaune a Yamai, mai bakaniken Honda a unguwa, CR-V ba ta da laifi. Kuma duk wadda aka saya, mai aikowa ya ware kuɗin duwan, na tayu huɗu da na juyen mai na shekara guda tun kafin ya biya dillali, domin tsohon da aka miƙa wa makulli ba zai buga waya ya ce babu kuɗin batir ba.