Daga Edita: Almajiran Liebig da Gonakin Jabo

'Yan'uwa ɗalibai, a ƙasarmu ba a yi wa malami shaida sai an tambayi wa ya karantar da shi, kuma su wa ya yaye. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta don kawai ya lissafa malamansa. Ashe Turawa ma suna da irin wannan salsala, kuma a fannin kemistiri da yawanta tana komawa ne ga wani Bajamushe, Justus von Liebig.

A 1824, yana da shekara 21, aka ba shi kujerar farfesa a Giessen. Wani tsohon ɗakin masu gadin barikin soja ya mayar ɗakin gwaje-gwaje, ya sa kowane ɗalibi ya yi awo da gwaji da hannunsa, tun safe har yamma, a zamanin da galibin ɗalibai kallon malami kawai suke yi. Daga nan Hofmann ya fito, ya tafi Landan a 1845, almajirinsa Perkin ya haɗa rini na farko daga kwaltar gawayi a 1856. Daga nan kuma Kekulé ya fito, almajirinsa Baeyer ya haɗa shuni ba tare da ganyen baba ba, wanda ya shiga kasuwa a 1897. Masu marina a Kano sun san abin da ya biyo baya.

Amma almajirin da ya fi burge mu shi ne Gilbert. Liebig ya wallafa littafinsa kan kimiyyar noma a 1840, yana ganin iska da ruwan sama sun wadatar da shuka da naitirojin. Gilbert ya koma Ingila, shi da Lawes suka soma gwajin alkama a Rothamsted a 1843, fegi da taki, fegi ba taki, shekara bayan shekara, har suka tabbatar malam ya yi kuskure. Liebig bai ji daɗi ba, ya yi ta jayayya. To amma da sikelin da ya koya wa Gilbert aka kayar da shi.

Mu fa? Cikinmu akwai wanda ya kai aji uku bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, sai kwafar sakamako daga allo. Hutun damina ɗayanmu ya je gida Jabo, a ƙasar Tambuwal, kawunsa ya nuna masa gero ya yi rawaya bayan buhu biyu na takin zamani, ya ce, "Kai ɗan jami'a, me gonar nan ta rasa?" Ya yi shiru, don bai taɓa auna tsamin ƙasa ba.

Saboda haka wannan mujalla tana roƙon hukuma ta bar ɗakunan gwaji a buɗe bayan la'asar, ta sayi sinadarai kafin ta sake fentin ofisoshi. Ɗaliban Tambuwal da Kebbe kuwa, kowa ya dawo hutu da ƙullin ƙasar gonar gidansu, da sunan gonar a rubuce a jiki.