Lafiya Uwar Jiki: Kayen Mai Farfaɗiya

Zancenmu na wannan wata a kan farfaɗiya ne, da wani aiki da duk wanda ya koyi rubutu zai iya yi ma ɗan'uwansa mai wannan ciwo.

Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce. Ba a ɗaukar ta ta miyau, ba a ɗaukar ta ta ƙwaryar fura. Wani yakan same ta bayan sanƙarau, wani bayan zazzaɓin sauro da ya hau kai, wani tun wurin haihuwa in naƙuda ta daɗe, wani kuma bayan ya faɗi daga babur ya bugi kai. Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da ita a duniya. Ta kuma ce cikin mutum 10, har 7 suna iya daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace suna sha kullum. Wanda muka fi sani nan wajenmu shi ne Gardénal. Akwai kuma Tégrétol da Dépakine.

To, sauran ukun fa? Su ne waɗanda ciwonsu ba ya jin magani. Wasu daga cikinsu aikin tiyata na iya taimakon su. Ana neman ɗan wurin da ciwon ke tasowa cikin ƙwaƙwalwa, a cire shi. A wani bincike da aka fitar a shekarar 2001, a ƙasar Kanada, likitoci sun gwada da mutum 80. An ware 40 don a yi masu aiki, 40 suka ci gaba da magani kaɗai. Bayan shekara guda, 23 cikin waɗanda aka yi ma aiki sun rabu da faɗuwar da ke gusar da hankali. Cikin masu magani kaɗai, 3 ne suka rabu da ita.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan irin aikin gwaiwa ne da ake yi a Galmi ko a Ƙonni. Kafin a ko fara maganarsa, sai likitan ƙwaƙwalwa ya duba mutum. Akan liƙa mashi wayoyi a fatar kai, na'ura ta zana motsin ƙwaƙwalwarsa, a kuma ɗauki hoton cikin kai. Irin waɗannan likitoci a Yamai aka fi samun su, kuma daga Ƙonni zuwa Yamai ya fi kilomita 400. Kuɗin mota, kuɗin masauki, ga gona an bari. Saboda haka likitan Illela ko na Malbaza ba zai tura kowa da kowa ba. Dole ya zaɓa.

Da me zai zaɓa? A shekarar 2010 ƙungiyar likitocin farfaɗiya ta duniya ta ba da ma'auni. In mutum ya sha magani iri biyu da suka dace da ciwonsa, ya sha su daidai yadda aka ce, amma bai daina faɗuwa ba, to ciwonsa ba ya jin magani, ya kamata a tura shi gaba a bincika.

Nan gizo ke saƙa. Likita bai taɓa ganin faɗuwar da idonsa ba. Mai ciwon kansa bai san abin da ya faru ba, tun da hankalinsa ya gushe. Sai a tambayi uwa ko miji: "Sau nawa ya faɗi?" A ce: "Da yawa." "Yana shan magani?" A ce: "Yana sha." Alhali maganin ya ƙare tun kafin girbi, ba a sayo wani ba sai bayan an sayar da albasa. Wanda maganinsa ya yanke, ba tiyata yake bukata ba, magani yake bukata. Wanda kuwa ya sha kullum bai tsallake ba amma yana faɗuwa, shi ne ake nema. Ga likita duka biyun kamarsu ɗaya, in ba wanda ya rubuta.

Ga aikin. A sami kaye guda da bik, a ajiye su don wannan kaɗai. Kowace rana da ya sha magani a yi ɗan zane. Ranar da bai sha ba a bar wurin fili, kuma kada a ji kunyar barin sa fili, don ba jarrabawa ba ce. Ranar da ya faɗi a rubuta kwanan wata, da lokaci, yana barci ne ko idonsa biyu, akwai zazzaɓi ko babu, da daɗewar abin.

Abin da ya fi duka amfani shi ne farkon faɗuwar. Mu mukan tuna ƙarshenta, kumfa da karkarwa, don su ke ba da tsoro. Likita kuwa farkon yake so. Hannu ɗaya ne ya fara motsi? Wanne, dama ko hagu? Kai ya juya gefe guda? Ya tsaya shiru yana tauna baki yana lalube riga? Ya ce ya ji wani abu na taso mashi daga ciki, ko wani wari da ba wanda ya ji? Waɗannan su ke nuna ko ciwon daga wuri ɗaya yake tasowa. Ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da hagun jiki, na hagu shi ke riƙe da dama. Kun ga kalma guda, "hagu", tana gaya ma likita inda zai duba. In akwai mai salula kusa, ya ɗauki hoto mai motsi, amma bayan an janye mutum daga wuta ko bakin rijiya an kwantar da shi a gefensa. Kada a sa mashi cokali ko yatsa a baki. In abin ya wuce minti 5, a kai shi likita nan take.

A riƙa ajiye kwalin magani ma, a kai tare da kayen. Ni dai ban yarda da ƙwayoyin da ake ƙirgawa a leda ran kasuwa ba. Ba suna, ba ƙarfi a rubuce, rana ta gasa su. In an sha irinsu ba a warke ba, likita ba zai lissafa su cikin magani biyun nan ba. Mace mai shan Dépakine kuma ta gaya ma likita tun kafin ta ɗauki ciki, don yana iya cutar da jariri. Amma kada ta daina sha da kanta.

Tura mutum Tawa ko Yamai ba ya nufin za a yi mashi aiki. Wani akan sake mashi magani ne ya dawo gida. Wani a tarar ma ba farfaɗiya ba ce. Wanda aka yi ma aikin kuwa yakan ci gaba da shan magani har wani lokaci.

Gidan da ba mai rubutu, su zo wurin malamin yaƙi da jahilci na garinsu. Zai ja masu layukan kayen, kwana 30 a shafi guda, ya nuna ma wani yaro ko wata yarinya ta gidan yadda ake cikawa.