Turanci Ma da Aro Ya Girma

Akwai wata magana da muke yawan ji a bakin 'yan makaranta, har ma da waɗansu daga cikinmu masu koyon aikin malanta, wai Turanci cikakken harshe ne tun asalinsa, Hausa kuwa sai kame-kame, in ba ta ara daga Larabci ba, ta ara daga Turanci. Mu dai ba mu yarda ba, kuma tarihin Turancin kansa shi ne shaidarmu.

Sa'ad da mulkin Rumawa ya ƙare a tsibirin Birtaniya, wajen shekara ta 410, mutanen ƙasar wani harshe dabam suke yi, wanda jikansa yana nan har yanzu a ƙasar Wales. Wajen 450 sai waɗansu kabilu uku, Angul da Sakson da Jut, suka riƙa ƙetarowa daga arewacin Jamus da Denmak, suka ci ƙasar, suka zauna suna noma. Daga sunan Angul aka sami sunan Ingila. Ashe Turanci ɗan'uwan Jamusanci ne, kuma da baƙunci ya shiga ƙasar da ake kira tasa.

A 597 wani malamin Kirista, Agustin, ya zo daga birnin Rum. Addinin da ya kawo ya zo da Latin, harshen littattafai na Turai a wannan zamani. Da haruffan Latin Ingilishi suka koma rubutu, daga Latin kuma suka sami kalmomi irin su school da bishop, kamar yadda muka sami littafi da alƙalami da alƙali daga Larabci. Daga 793 kuma sai ga mahara daga Denmak da Norwe. Da suka gaji da hari, suka zauna a arewa da gabashin Ingila, aka yi auratayya. Su ne suka bar wa Turanci sky da egg, har da they, wadda ba a raba ta da bakin Bature.

Babbar jarrabawa ta zo a 1066, sa'ad da Wiliyam na Normandi, daga arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Kusan shekara 300 fada da manyan ƙasa Faransanci suke yi, malamai na rubutu da Latin, Turanci kuwa ya zama harshen talakawa. Alamar wannan tana nan har yau. Saniya tana gona a hannun makiyayi sunanta cow, kalmar Ingilishi, amma in namanta ya kai akushin masu sarauta sai ya zama beef, kalmar Faransanci. Sai a 1362 aka yi doka a riƙa yin shari'a da Turanci. Ya komo fada ɗauke da dubban kalmomin Faransanci, ba wanda ya ce ya lalace.

Ko Larabci bai tsira ba. Sugar da cotton da magazine duk asalinsu na Larabawa ne, sun bi ta hannun 'yan kasuwa da harsunan kudancin Turai. Sukarinmu da sugar ɗinsu uwarsu ɗaya.

Wani zai ce ai kayan aro ba ya rufe katara. Gaskiya ne ga riga, domin mai ita zai zo ya karɓa. Amma wa ya taɓa zuwa karɓar kalma? In ta shiga bakin jama'a, suka lanƙwasa ta yadda harshensu ke so, kamar yadda muka yi wa mota da tebur, ta zama tasu ke nan.

Abin da ya ɗaukaka Turanci shi ne mutanen da suka ƙi raina shi. Sarki Alfared, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899, ya sa aka juya littattafan Latin zuwa harshen mutanensa. Mawaƙi Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya san Faransanci sarai, amma da Turanci ya rubuta labarunsa. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, littattafan Turanci suka yawaita. Da yayyafi kogi kan cika.

Wannan tarihi yana da amfani har cikin aji. In yaro ya tambaye mu don me ake rubuta k a farkon knife alhali ba a faɗinta, kada mu ce masa haka Turawa suka ga dama. Mu gaya masa da can ana faɗinta, sai lafazi ya sake bayan rubutu ya riga ya zauna. Yaron da ya ji haka tsoron Turanci zai ragu a zuciyarsa, ya gane harshe ne na 'yan Adam kamar nasa.

To, 'yan'uwa malamai, mu koyi Turanci da kyau, mu koyar da shi da kyau. Amma ilmin da muka samu ta hanyarsa, na lissafi ne ko na kiwon lafiya ko na labarin ƙasa, mu zauna mu rubuta shi da Hausa, yadda Alfared ya yi wa mutanensa. In muka ƙi, wa zai yi mana? Allah ya ba mu himma, amin.