Mijin Da Ya Yi Ɓatan Dabo, Sai Yaushe Za Ki Daina Jira?

A wannan mako ina so mu yi magana a kan matar da take zaune ba aure ba saki. Ku duba gidajen haya na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, da wuya ku rasa irinta. Maigida ya ce zai je Ikko neman kuɗi, shekara biyar ke nan ba aike ba wasiƙa, ita kuwa tana ta dakan fura tana ciyar da 'ya'ya. In ta yi ƙorafi sai iyaye su ce ta yi haƙuri.

To, wannan matsala ba a kanmu aka fara ta ba. A ƙasar Hangari ta Turai, shekaru 450 da suka wuce, cocin Katolika ba ya warware auren da ya tabbata, ko da miji ya gudu. Da Martin Luther ya ce a 1520 aure ba ya cikin manyan ibadun coci da ba a taɓawa, sai malaman Furotesta na can, waɗanda suka yi babban taronsu a Debrecen a 1567, suka bi wannan hanya. Kotunansu suka riƙa raba aure saboda zina ko gudun miji, matar kuma ta sake aure. Amma fa sai ta kai ƙara da kanta.

Mu kuwa tun kafin su muke da wannan dama. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan Kano, ya ce matar wanda ya ɓace za a yanka mata shekara 4, sannan ta yi takaba, ta yi aure. Ki lura da kyau, 'yar'uwa, lissafin ba ya farawa daga ranar da ya fita, sai bayan kin kai maganar gaban alƙali an bincika. Idan kuwa bai bar miki ci da sha ba, a mazhabar Malikiyya ba sai kin kai shekara 4 ba alƙali zai raba ku.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kunyar da aka ɗora mana, wai 'yar mutunci ba ta taka kotu. Ku 'yan makaranta, ku tambayi malamin fiƙihu wannan babi tun yanzu. Ke kuma mai jira, nemi waliyyinki da shaidu biyu waɗanda suka san ranar da ya tafi, ku je kotun Shari'a ta yankinku a rubuta ƙararki.