Mutum-mutumi Ba Ya Jin Yunwa

Akwai wata cuta wadda ta ke kama masu mulki, wadda likitoci ba su sa ta cikin littattafansu ba tukuna. Ba ta kawo zazzaɓi, ba ta hana cin abinci, hasali ma mai ita ƙiba ya kan ƙara. Alamarta ita ce, mutum ya sami 'yan shekaru bisa kujera, sai ya dubi garinsa ya ga rijiyoyi sun ƙafe, iska ta yaye rufin makaranta, asibiti ba magani, sa'an nan ya tara fadawansa ya ce ya gano abin da ke damun jama'a, watau rashin mutum-mutumi a mararraba. Fadawa kuwa su faɗi su ce, "Ranka ya daɗe, ka riga bayinka a baki." Daga nan sai a buɗe baitulmali.

Wanda ya ke so ya ga inda cutar nan ta yi tsanani, sai ya dubi Dakar, babban birnin Senegal. A can bisa wani tudu kusa da bakin teku, cikin shekara ta 2010, Shugaba Abdoulaye Wade ya buɗe wani mutum-mutumi na tagulla mai tsawon kusan mita 50, wanda babu kamarsa a Afirka duka. Siffar wani ƙato ce, ya rungumo mace da hannu guda, ya ɗaga yaro da ɗaya hannun, yaron yana nuna teku da yatsa. Aka raɗa masa suna Farfaɗowar Afirka. To, aikin nan da aka yi don a nuna wa duniya Afirka ta tsaya da ƙafafunta, wani kamfani na Koriya ta Arewa aka ɗauko ya ƙera shi, alhali kuwa Senegal ba ta rasa gwanaye ba, ga irin su Ousmane Sow wanda har a Faransa an san aikin hannunsa. Aka ce abin ya ci dala miliyan 27, a lokacin da ruwan damina ya ke cinye unguwannin bayan birni, wutar lantarki kuma tana zuwa kamar baƙon da ba ya kwana. Limamai suka yi ta huɗuba a kansa, ba a saurare su ba.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Shugaba ya ce tun da ya ke shi ya ƙago siffar a zuciyarsa, kashi 35 cikin 100 na kuɗin da 'yan kallo za su biya hakkinsa ne. Wannan ya yi daidai da a yi gayya a haƙa rijiya, sa'an nan mai gari ya shimfiɗa buzu a bakinta yana karɓar la'adar guga, wai domin shi ya yi mafarkin ruwa. Cikin 2012 mutanen Senegal suka kada shi a zaɓe. Aka bar yaron tagulla yana nuna tekun nan da dubban samarin ƙasar suka bi cikin kwale-kwale, suka nufi tsibiran Sifen neman abinci, da yawa kuwa ba su kai ba.

Kada wani ɗan Nijeriya ya yi wa Senegal dariya, gama tasa tana gida. Cikin watan Oktoba na 2017, Gwamnan Jihar Imo na lokacin, Rochas Okorocha, ya kafa wa Shugaba Jacob Zuma na Afirka ta Kudu mutum-mutumi a Owerri, ya sa wa titi sunansa, ga kuwa tsofaffin ma'aikata na jihar suna kukan bashin fansho. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsu. Wata huɗu kacal aka yi, cikin Fabrairu na 2018, jam'iyyar Zuma ta matsa masa ya sauka daga mulki, cikin 2021 kuma kotu ta yanke masa ɗaurin wata 15 saboda ya ƙi bayyana gaban masu binciken almundahana. Gwamnan dai bai rasa dabara ba. Kafin shekara ta 2017 ta ƙare ya ƙirƙiro Ma'aikatar Farin Ciki, ya naɗa ƙanwarsa ta shugabance ta. Labudda an sami farin ciki, a gida guda.

Mutanen Gana sun ga irin wannan har sau biyu. Kwame Nkrumah yana da mutum-mutumi a gaban Majalisa a Ankara tun yana kan mulki. Da soja suka hamɓare shi cikin Fabrairu na 1966, yana can ƙasashen Gabas, aka tuge shi, aka fille masa kai. Shekara 58 bayan wannan, cikin Nuwamba na 2024, Shugaba Nana Akufo-Addo ya tafi Sekondi ya yaye mayafi daga kan nasa mutum-mutumin da hannunsa, a gaban wani asibiti. Ya bar mulki cikin Janairu na 2025, watan bai ƙare ba aka wayi gari an ragargaza shi. Yabon kai jahilci, na tagulla kuma ya fi tsada.

A ƙasar Hausa addini ya tsare mutane daga kafa siffar ɗan Adam a titi, amma cutar ta san hanyar bayan gida. Ba wuya matafiyi ya iske garin da famfonsa ya shekara bai ɗiga ba, ga ƙaton tulun siminti a tsakiyar shataletale, an shafe shi da fenti. Ko kuwa ya iske an gina ƙofar shiga gari mai hawa biyu, hanyar da ta ratsa ƙarƙashinta kuwa ko jaki sai ya yi tunani kafin ya taka.

Sai kuma zancen dala. Dattawa sun san dalar gyaɗa ta Kano, wadda ta kai har a sa hotonta cikin littattafan makaranta. Ba wanda ya tara ta don kallo. Gyaɗa ce manoma suka noma ta fi ƙarfin jirgin ƙasa, aka jibge buhuna ana jiran tarago ya kwashe zuwa Ikko. Da fari da cutar gyaɗa suka auko cikin shekarun 1970, hankalin gwamnati kuma ya koma kan man fetur, sai dalar ta ɓace. Cikin Janairu na 2022 aka kwaso buhunan shanshera daga jihohi aka kai Abuja, aka jera su dala-dala, Babban Banki ya yi ɗawainiya, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe, aka ɗauki hotuna, aka ce farashi zai sauko. Kafin ƙarshen 2024 kuɗin buhun shinkafa ya ninka fiye da sau biyu, har gwamnati ta ɗage harajin shigo da waɗansu kayan abinci na 'yan watanni. Ta Kano amfanin gona ne ya tara ta, ta Abuja kuwa an tara ta ne don mai ɗaukar hoto, uwargida kuma ba ta iya zuba hoto a tukunya.

Masu kare irin wannan aiki su kan ce, ashe talaka ba shi da ido? Ashe gari ba ya bukatar ado? Yana bukata ƙwarai, ba kuma yau aka fara ba. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya tun cikin ƙarni na 19, har masana gini na ƙasashen waje suka zo suna mamakin bakan gizonsa. Magina na Zariya da Kano da Damagaram sun daɗe suna zayyana fuskar gidaje da zane mai ban sha'awa, mai wucewa ya more wa idonsa ba ko anini. Amma fa a lura, adon nan bisa bangon da ya ke tsare mutane daga rana da ruwa a ke yinsa, mai gida ke biya daga aljihunsa, maginin gari ke cin ladan. Su kan kuma ce baƙi za su zo kallo su kawo kuɗi. To, a fito da lissafi a gani, nawa aka kashe, nawa baƙin suka kawo, shekara nawa za a yi kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Wanda ya ƙi nuna lissafi ya san abin da ke ciki.

A nan ne karatu ya ke da rana. Mutumin da ya fita daga ajin yaƙi da jahilci ya wuce a nuna masa allon kwangila ya tsaya yana kallon fenti. Sai ya karanta sunan ɗan kwangila, da ma'aikatar da ta ba da aikin, da ranar da aka ce za a gama. In ba a rubuta kuɗin ba, ya tambaya. Tun 2011 akwai doka a Nijeriya wadda ta ba kowane mutum ikon ya rubuta wa ofishin gwamnati takarda ya nemi irin wannan bayani, ta kuma ɗora wa ofishin ya ba da amsa cikin kwana 7. Kuɗin nan ba daga sama suka faɗo ba, harajin kasuwa ne, da na tasha, da rabon man fetur wanda jaririn da aka haifa jiya ma yana da hakki a ciki.

In kuma lokacin zaɓe ya zo, ɗan takara ya hau mumbari ya fara lissafa ƙofofi da shataletale, sai a bar shi ya gama, sa'an nan wani dattijo ya miƙe cikin ladabi ya tambaye shi rijiya nawa ke ba da ruwa a gundumar, malami nawa aka biya a kan kari. Mai mulkin da ya amsa wannan da gaskiya ba ya bukatar tagulla, gama iyaye za su riƙa raɗa wa 'ya'yansu sunansa, wannan kuwa ba mai iya tuge shi da igiya.