Ciwon huhun shanu: allurar kasuwa ba ta maye gurbin rigakafi

Duk malamin dabbobi da ya taɓa buɗe ƙirjin saniyar da ciwon huhu ya kashe ya san abin da ake tararwa: ruwa rawaya cike da ƙirji, wani lokaci har lita 30, huhu kuma ya taurare ya manne da haƙarƙari. Ruwan nan ne ke matse huhu ya hana iska shiga. Shi ya sa za ka ga saniya ta miƙe wuya, ta ware ƙafafun gaba, baki buɗe, tana nishi.

A ganina, babban abin da ke raya wannan ciwo a garkunanmu shi ne dogaro da allurar teramisin ta kasuwa. Gaskiya ne tana sauke zazzaɓi, saniya ta tashi ta ci ciyawa. Amma sau da yawa ƙwayar cutar na nan ɓoye cikin wani ƙulli a huhu har tsawon watanni. Ta numfashi da tari cutar ke yaɗuwa, don haka saniyar da ake ganin ta warke tana iya kai ta bakin rijiya, ko kasuwar dabbobi, ko taron makiyaya na Ingal. Wanda ya saye ta kuwa ya sayi ciwo da kuɗinsa.

Na san dalilin da ya sa wasu ke ɓoye rabin garke ranar rigakafi. Wani na tsoron kumburin da allurar kan bari, wani na tsoron a ƙidaya masa dukiya. Kumburin yakan faru, kuma ana magance shi idan aka kira mu da wuri. Huhun da ya lalace kuwa ba ya komawa yadda yake.

Cibiyar LABOCEL da ke Yamai tana sarrafa wannan allura, gwamnati kuma tana shirya zagayen rigakafi kowace shekara. Ƙarfinta ba ya wuce shekara guda, saboda haka ta bara ba ta kare ta bana.

Ƴan uwa makiyaya, ku kawo garke gaba ɗaya. Sabuwar saniya a ware ta makonni kafin ta shiga cikin sauran. Mai tari da nishi kada a kai ta kasuwa, a tsare ta gefe, a sanar da ma'aikatar kiwo mafi kusa tun ranar da aka gan ta.